Ɗigon Babana a Taswirar Akurba

Mahaifiyata ba ta taɓa roƙona wani abu babba ba sai guda ɗaya: in ta mutu, a kwantar da ita kusa da mijinta. Ba ta nemi akwati mai tsada ba, ba ta ce a yanka saniya ba. Takan ce, da Hausarta ta kasuwa, "Ni da shi ɗaki ɗaya muka kwana tun ina yarinya. Kar ku kai ni cikin baƙi." Mu kuwa sai mu yi dariya, mu ce haba Mama, ai da sauranki. Ita ba ta dariya in ta zo kan wannan maganar.

Babana ya rasu ina 'yar sakandare, tun kafin a ba mu jiha. An binne shi a tsohon gidanmu na gona a Akurba, kamar yadda mutanenmu ke yi, mai gida ba ya barin gidansa don ya mutu. A lokacin Akurba gonakin doya ce da rogo, in ka tsaya a ƙofar gidanmu da ƙyar za ka hango rufin kwano ɗaya. Ba a yi wa kabarin siminti ba. Tukunyar ƙasa aka kife a wajen kansa, ita ce alamar. Akwai wani babban mangwaro a gabas da shi, da 'yar tazara, domin Baba da bakinsa ya ce kada a sa shi a gindin bishiyar, yara za su hana shi sakat da jifa. Saboda haka inuwar da safe kawai take kaiwa kansa. A wannan lokacin Mama ke zuwa ta cire ciyawa, kafin inuwar ta janye, tana yi tana ba shi labarin gida da yarenmu, wa ya haihu, akuyar wa ta ci shukar wa.

Shekarar da Lafia ta zama babban birnin jiha, gari ya cika ya tumbatsa. Ma'aikata suka kwararo da iyalansu, kowa na neman ɗaki, wanda ya sami ɗaki yana neman fuloti. A cikin wannan rububin na sami aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo, wato masu awon ƙasa, ɗaki biyu a bayan wani shagon kayan gini. Aikina zanen taswira. Masu awo su fita daji su dawo da lambobi, ni in zauna da alƙalamin tawada da takarda mai shara-shara in mayar da lambobin gonaki da hanyoyi. Ina son aikin. Hannuna yana da kyau, Oga mai ofishin da kansa yakan faɗa ranar da ba ya jin haushina. Irin waɗannan ranakun ba su da yawa, don ni ba na iya haɗiye magana.

A cikin masu fita awo akwai wani dattijo mutumin Awe, duk ofis Baba mai awo muke ce masa. Ya fara aikin tun ana jan sarƙar ƙarfe a daji. Musulmi ne mai yawan kunya, ba ya ɗaga murya, in ya shigo sai ya gaishe da kowa har da mai shara. 'Yata yake ce mini. Duk lokacin da ya je garinsu sai ya ƙullo wa Mama gishiri a leda, ita kuma ta aika masa da doya. Ba sa jin yaren juna, da Hausa suke gaisawa, su daɗe suna yi kamar ba su da wani aiki. In ya ci karo da kabari a gonar da ake awo, daga nesa yake miƙa tef ɗin awo zuwa gefensa ya rubuta, ni kuma in zana shi da ɗan tsawonsa da ɗan faɗinsa. Haka muka yi shekaru, ban taɓa tambayar kaina me ya sa daga nesa yake aunawa ba.

Bayan kamar shekara goma Oga ya je wani kwas, ya dawo da kwamfuta da sabon baki. Ya tara mu ya ce zamanin tawada ya wuce. Ya ce a cikin wannan na'ura duniya iri uku ce kawai: ɗigo, layi, da kewayayyen fili. Rijiya ɗigo ce. Hanya layi ce. Gona ko fuloti fili ne da aka kewaye. Kowane abu sai ka zaɓa masa gida ɗaya a cikin ukun nan, sannan ka rubuta a gefe ko mene ne shi.

Na ce, "Oga, to rafin nan da ke zama zare da rani, da damina ya malale ya cinye gonaki, layi ne ko fili?"

Ya ce, "Zaɓi ɗaya za ki yi."

Na ce, "Rugar Fulanin da ke bayan Adogi fa, wadda bana tana nan, baɗi ta matsa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke dai kullum sai kin kawo abin da zai ɓata wa mutum lissafi. Na'ura ba ta san wataƙila ba. Ki zaɓa."

Na zaɓa, tunda abinci na zo nema. Kuma gaskiya abin ya burge ni. Fulotin da a da nake kwana biyu ina zanawa, yanzu kafin shayi ya huce na gama. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da ɗigon. Oga ya ce ɗigo ba shi da tsawo ba shi da faɗi, wuri ne kawai. Ban yarda ba sai da na gwada. Na yi ta matso da taswirar a allo, gonaki suna girma, fuloti ɗaya ya cika allon, amma ɗigon yana nan yadda yake, ɗan mitsitsi, ko ƙwayar gero ya ƙi kaiwa. Layin ma haka. Hanyar da tirela biyu za su gifta juna a kanta, a na'ura siririn zare ce, sai an zo ƙasa ake ba ta faɗi dama da hagu. 

Akwai kuma nau'i na biyu da ya kawo, hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama. Shi wannan ba ɗigo ba layi. An yanka ƙasar ne gida-gida kamar na dara, kowane gida launi ɗaya. In yawancin abin da ke cikin gidan ciyawa ce, duk gidan kore ne, ko da akwai mutum tsaye a tsakiya. Daga nesa hoto ne sak, ka ga Lafia da titunanta. In ka matso sai ya farfashe ya koma 'yan akwatuna. Nakan zauna da tsakar rana in nemo gidanmu na Akurba a ciki. Mangwaron yana nan, 'yan akwatuna kore masu duhu. Tukunyar Baba ba ta isa ta canza launin ko ɗaya ba.

Masu fita daji kuma aka ba su wata 'yar na'ura kamar wayar hannu. Oga ya koya musu: ka je ka tsaya a kan abin, ka jira lambobi su natsu, ka danna. Inda na'urar take, nan take rubutawa. Baba mai awo ya karɓe ta da hannu biyu. Muka yi ta tsokanarsa cewa zai yi mata alwala kafin ya taɓa ta. Ya yi murmushi kawai, kuma cikin ɗan lokaci ya fi matasan iya riƙe ta.

A wannan tsakanin gari ya kai Akurba. Ƙanen babana, wanda gonar iyali ke hannunsa, ya yanke shawarar a yanka ta fuloti-fuloti. Mama tana wurina a cikin gari tun da idonta ya fara yana, tsohon gidan ya zama kango. Da labari ya zo mata ba ta yi gardama a kan gonar ba. Ta sa aka kira ƙanen babana, ya zauna a tabarma, ta ce, "Ku sayar da duk abin da za ku sayar. Wurin mijina da wurina ku bar mana." Ya rantse za a bari. Ni kuma na dage sai ofishinmu za a ba aikin, don a tunanina in abin yana hannunmu ba abin da zai sami kabarin.

Aka fita awon ina gida ina jego, na haifi ɗana na biyu. Na aika wa Oga saƙo cewa Baba mai awo nake so ya ɗauki lambar wurin kabarin da hannunsa, ban yarda da yaran nan masu gaggawa ba. Haka aka yi. Da na koma aiki na tarar da lambobin suna jirana. Kusurwoyin gona, tsohuwar rijiya, da lamba ɗaya da aka rubuta wa kabari. Bishiyoyi ba a ɗauki lambarsu ba, tunda sare su za a yi.

Na ce, "Oga, lamba ɗaya? Mutum guda mai tsawo, kun mayar da shi ɗigo? A koma a ɗauko kusurwa huɗu."

Ya ce, "A ma'aunin wannan taswirar kabari ɗigo ne. Za mu kewaye ɗigon da fili, ki ba shi yadda kike so, har da wurin Mama. Me kuma kike nema?"

Muka yi ta yi har mai shagon kayan gini ya leƙo. A ƙarshe na zauna na zana fili mai yalwa kewaye da ɗigon, ya isa mutum biyu da wurin zaman masu ziyara. Oga ya zana fulotai, ya ja layin sabuwar hanya ta yamma da filin, tana bi ta gefensa. Na duba na sake dubawa, layin bai taɓa filin ba. Hankalina ya kwanta.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, a ɗauki lambobi tukuna, katafila ta zo ta share komai ta daidaita ƙasa, sannan a dawo da na'ura a kafa turakun siminti inda taswira ta ce. Oga yakan ce abin da ya shiga na'ura ba ya ɓata. Kafin katafila ta zo, ƙanen babana ya ɗauke tukunyar ya aiko mana da ita a bayan babur, a naɗe da buhu. Mama ta sa aka ajiye ta a ƙarƙashin gadonta. Makonnin nan ba ta ci abincin kirki ba. Takan ce an bar mijinta ba hula a rana.

Ranar da aka ce an kafa turaku, na ɗauki Mama a tasi muka je. Ban gane wurin ba. Ba mangwaro, ba kututturensa, ba kangon gida, ba ko tudun da muke zama a kai muna yara. Jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da turaku fari-fari a jere. Aka nuna mana namu guda huɗu. Ɗaya daga cikin matasan ofis ya tsaya da na'ura a tsakiya har lambobi suka dace, ya ce nan ne. Na riƙe hannun Mama na kai ta. Ta durƙusa ta kife tukunyar, ta shafa ƙasar da tafin hannunta, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗaga fuskarta sama tana juya ta, tana neman inda rana take.

Ta ce, "Kamar ya matsa."

Na ce, "Mama, katafila ce ta canza wurin. Ni ma ban gane komai ba. Amma na'urar nan da sama take magana, ba ta mantuwa."

Ta ce, "To."

Ta yi masa magana da yarenmu kamar yadda ta saba, ta gaya masa an yi masa sabon jika. Amma ta taƙaita. Muka koma mota, muka tafi gida.

Daga nan duk wata nakan kai ta. Unguwar ta tashi a gaban idonmu. Wannan ya yi harsashi, wancan ya yi rufi, wata mata ta buɗe shagon shinkafa da miya a bakin sabuwar hanyar, 'yan acaɓa suka mayar da gindin shagon tasharsu. Muka kewaye filinmu da bulo layi uku, na dasa fulawa. Wurin ya yi kyau, har maƙwabta suna yabawa. Mama dai takan zauna a kan bulon, ta yi 'yar maganarta, ta ce mu tafi. Wata rana a hanya ta ce mini, "A da in na zo na yi masa magana, nakan tashi jikina ba nauyi. Yanzu kamar da bango nake yi." Na ce tsufa ne, da kewar gonar.

Sai ta fara mafarkinsa. Da safe take ba ni labari, ina haɗa wa yara kayan makaranta, tana zaune da kofin kununta. Ta ce ya zo mata da rigarsa ta zuwa coci, duk ta yi ja da ƙura. Ya ce hayaniya ta yi masa yawa, ba ya samun barci. Wani lokaci ta ce ya zo yana dafe da ƙirji, ya ce ana ta wucewa. Na ce, "Mama, ai dole. Gari ya same shi. Mu ma nan hayaniyar ce ta ishe mu." Na faɗa ina dariya, amma maganar ta dame ni, don Mama ba mai yawan mafarki ba ce, kuma ba ta iya ƙirƙirar labari ba. Ban gaya wa kowa ba. Na sa fasto ya zo ya yi addu'a a filin, aka yi waƙa biyu, aka watse.

Ta rasu da damina, bayan gajeruwar jinya. Ana gobe za ta tafi ta kama hannuna ta ce, "Kin tuna?" Na ce na tuna. Ta ce, "Dama da shi." Na ce dama da shi, Mama, wurin yana nan na ajiye miki.

Muka binne ta dama da tukunyar. Masu haƙa suka yi hankali ƙwarai kada su taɓa na Baba, suna ta auna tazara da sanda. Ɗaya daga cikinsu ya ce ƙasar wurin tana da saiwoyi da yawa, sai da suka sa gatari. Na ji shi, amma kunnena kawai ya ji. Ina tsaye ina kallon akwatin yana sauka, abin da ke raina shi ne na cika alkawari. A duk baƙin cikin ranar wannan ne kaɗai ya riƙe ni.

Baba mai awo ya riga ya bar aiki a lokacin, ƙafa ta hana shi shiga daji, ya koma Awe. Sai bayan an share makoki ya sami labari. Ya zo wata ranar Asabar da hantsi, yana dogara sanda, da ƙullin gishiri a hannu don bai saba shigowa gidanmu hannu biyu ba. Ya tsaya da shi a tsakar gida ya rasa wa zai miƙa wa. Na karɓa, na shimfiɗa masa tabarma. Ya yi mini gaisuwa mai tsawo, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya ce mace ce mai alheri. Na ce masa an kwantar da ita kusa da mijinta, yadda ta so, kuma da hannunsa a ciki, tunda shi ya ɗauki wurin.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdulillahi. Ai ranar nan, 'yata, ban yarda yaran nan sun matsa kusa ba. Na ce wannan mahaifin 'yata ne. Na cire takalmina tun daga nesa. Oga ya ce a tsaya a kan abu a danna, to rijiya na tsaya a bakinta, amma mutum fa? Ina ni ina tsayawa a kan bawan Allah. Sai na koma can gindin mangwaron, cikin inuwa, na fuskanci tukunyar sosai, na yi masa sallama, sannan na danna. Ko ƙurar ƙafata ba ta kai kansa ba."

Yana faɗa yana kallona, yana jiran in ji daɗi.

Nan take komai ya dawo mini. Na ji muryar mai haƙa tana cewa saiwoyi sun yi yawa. Na ga Mama tana juya fuska tana neman rana.  Ga tsoho a gabana, ya yi tafiya daga Awe da ciwon ƙafa, ya yi abin da iyayensa suka koya masa, abin da ni ma da an ce in taka kabarin mahaifin wani ba zan yi ba. Me zan ce masa? Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri." Ya ce ba komai, ai hakki ne. Na kawo masa abinci ya ci, na raka shi bakin titi na sa shi a mota.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis. Na buɗe taswirar Akurba, na ɗora ta a kan tsohon hoton sama, wanda aka ɗauka kafin katafila. Ɗigon ya faɗa daidai tsakiyar akwatunan nan kore masu duhu. Shekaru yana zaune a wurin, hoton yana cikin kwamfuta ɗaya da shi, ba wanda ya taɓa samun dalilin haɗa su. Na duba yamma da mangwaron, inda inuwar safe ke kaiwa. Layin hanya ne ya bi ta wurin. Na yi ta matso da hoton, ina neman tukunyar, ko ɗan duhunta, ko inda ciyawa ta yi ƙasa saboda hannun Mama. Akwatunan suka yi ta girma har guda ɗaya ya cika allon, ruwan ƙasa, ba komai a cikinsa. Na kife kaina a teburin na yi kukan da ban yi a wurin binnewa ba.

Da yamma na je Akurba. Na tsaya a bakin hanyar, bayana na jingine da bulon filinmu. Hanya ce mai faɗi, an zuba mata tsakuwa, an danne. 'Yan acaɓa suna shiga suna fita, wata tifa ta wuce da yashi har ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Mai shinkafa ta gane ni, ta yi mini gaisuwar Mama, sannan ta watsa ruwan wanke-wanke a titin. Na dubi inda ruwan ya kwanta. Yana iya zama nan. Yana iya zama gaba kaɗan, inda yaran ke faka babura. Ban sani ba, kuma babu wanda ya sani. Ƙanen babana da ya ɗauke tukunyar ya riga Mama tafiya.

Na yi tunanin a fasa titin. Na kwana ina tunanin, na tashi da shi, na yi watanni. A fasa daga ina zuwa ina? A ce wa mutanen unguwa me? Kuma in an same shi, a tone shi a ɗauko ƙasusuwansa, shi da ya ce ko jifan yara ba ya so? Na yi tunanin a ɗauke Mama, sai na tambayi kaina a kai ta ina, tsakiyar titi? Yayana da ke Makurɗi na kira shi har sau biyu da niyyar gaya masa, muka ɓuge da maganar makarantar yara. Duk Kirsimeti yakan zo ya tsaya a gaban tukunyar ya cire hula, ya ce Baba ga mu mun zo. Nakan tsaya a bayansa, ina kallon hanya.

Baba mai awo ya rasu bai sani ba, kuma wannan kaɗai ne abin da na gode wa Allah a kansa a cikin maganar nan. Haushi kuwa na ji shi, na rasa wanda zan sauke wa. Na ji haushin Oga da duniyarsa mai gida uku, na ji haushin na'urar da ba ta san mutum yana iya tsayawa gefe don girmamawa ba. Amma haushin bai daɗe ba, tsoro ne ya zauna. Ni ban taɓa mafarkin babana ba. Mama nake gani, ba kullum ba, tana zaune a kan bulon nan da zanenta na zuwa coci, tana shafa ƙasar da ke hagunta.

Kusan ƙarshen aikina a ofishin, aka zo sabunta taswirar unguwar, don an yi gine-gine da yawa. Oga na zaune a gefena yana bin abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɓace a goge, wanda ya canza a gyara. Rijiyar an cike ta, muka goge. Ya kai kan ɗigon ya tsaya, ya sassauta murya don ya san na wane ne.

Ya ce, "Wannan yana nan daidai ko? Kabari."

Na ce, "Daidai yake, Oga. Kabari ne."

"Yanzu sai mu gyara mu sa mutum biyu."

Na ce, "Bar shi yadda yake. Mutum ɗaya ne a wurin."

Ya dube ni, ya ɗauka baƙin ciki ne ya ruɗa ni, bai ja maganar ba. Ya wuce zuwa layin hanyar, ya ce an ce za a zuba mata kwalta, ya tambaye ni ko akwai abin da za a rubuta a gefenta. Na ce babu gidan da za a rubuta shi.

Har yau ina zuwa Akurba duk wata, da safe. Ɗan acaɓa yakan yi mamaki in na ce ya sauke ni tun a mahaɗa, ga hanya lafiyayya har ƙofar wurin. Nakan biya shi in zagaya ta bayan gidaje, ta lungun da ruwa ke kwanciya, in shiga filin ta gabas. In cire wa Mama ciyawa, in ba ta labarin gida. Ban taɓa gaya mata ba, ina jin ta riga ni sani. In na gama sai in cire takalmina in matsa bakin bulon, in fuskanci titi, in gaishe da Baba daga nesa.